Na rufe laftof cike da caji, da safe na tarar da ita da zafi batir ya mutu

Ɗalibin Zane: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ku taimaka mini da shawara, abin ya tsaya mini a rai. Daren jiya na cika laftof ɗina da caji taf, na rufe murfin na saka ta a jaka kamar yadda na saba. Da safe ina zuge jakar sai na ji ta zafi rau, kamar an shanya ta a rana. Na danna maɓallin kunnawa, shiru. Sai da na jona caja na jira kafin ta tashi, kuma zanen da na raba dare ina yi, ƙarshensa duk ya tafi don ban adana ba. Wannan karo na uku ke nan a wata ɗaya. Wani ya ce in koma amfani da haibanet (hibernate), wato kwamfuta ta ajiye aikin da ke buɗe sannan ta ɗauke gaba ɗaya. Wani kuma ya ce haibanet yana kashe SSD, wato faifan ajiya na zamani da ke cikinta. Wanne zan kama? Windows 11 nake amfani da ita, RAM ɗina gigabait 16.

Mai Gyaran Laftof: Wa alaikumus salam. Sannu da asara ƙanena. Kafin in ce komai, bari in tambaye ka abu ɗaya: ka taɓa kashe haibanet da hannunka? Dalilin tambayar, Windows a yadda take zuwa, idan batir ya kai gargara ba ta yarda ta mutu haka kawai. Tana kwashe abin da ke buɗe ta rubuta a faifai sannan ta ɗauke. Da haka ta faru, da ka jona caja za ka tarar da zanenka a inda ka bar shi.

Ɗalibin Zane: Kai, Yaya, ka tuna mini. Watannin baya faifaina ya cika, wani abokina ya buga mini wani umarni a baƙin allon nan na Command Prompt, take na samu sarari kusan gigabait shida. Ban san abin da ya kashe ba.

Mai Gyaran Laftof: To ga bakin zaren. Abin da ya buga shi ne powercfg /hibernate off. Wannan umarnin yana goge fayil ɗin hiberfil.sys da ke ɓoye a gindin faifan C, wanda shi ne ɗakin da haibanet ke zuba kaya. Girmansa a Windows 10 da 11 kashi 40 cikin ɗari ne na RAM, ka ga kashi 40 na 16 shi ne 6.4, daidai da sararin da ka ce ka samu. Abokinka bai yi da mugunta ba, amma ya cire maka igiyar da za ta riƙe ka ranar da batir ya yanke.

Uwar Tagwaye: Ku yi haƙuri in katse ku. Ni har yau ban san bambancin barcin da haibanet ɗin ba. Duka biyun ai allo ne ke yin baƙi. A yi mini bayani irin na wanda bai san komai ba.

Malamar Lissafi: Yar'uwa bari in gwada. Duk abin da kika buɗe kina aiki a kai, takarda ce ko hoto ko shafin intanet, yana zaune ne a RAM. Shi RAM yana da sauri ƙwarai amma ba ya riƙe komai sai da wuta. Irin DDR4 sai an riƙa sabunta masa abin da ke cikinsa duk bayan milisakan 64, in ba haka ba ya zube. To idan kika sa kwamfuta barci, ana kashe allo da fanka da sauran kaya, a bar wa RAM 'yar wuta kaɗan don kada ya manta. Shi ya sa kina ɗaga murfi take farkawa nan da nan, kuma shi ya sa batir yake ci gaba da raguwa a hankali.

Haibanet kuwa, kwamfutar za ta kwafe abin da ke cikin RAM ta rubuta shi a faifan ajiya, wanda ba ya buƙatar wuta kafin ya riƙe abu, sannan ta mutu gaba ɗaya. Ko ki cire batir ki ajiye ta wata guda, ranar da kika kunna za ta karanto fayil ɗin ta mayar da komai mazauninsa. Abin da kike biya shi ne 'yan daƙiƙoƙin jira wajen shiga da wajen tashi.

Masu ƙera kwamfuta suna da lambobi ga waɗannan matakai a ƙa'idar sarrafa wutar kwamfuta mai suna ACPI, wadda Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996. S0 tana aiki, S3 barci, S4 haibanet, S5 an kashe.

Tsohon Akawu: Malama, Allah ya ƙara basira. Wato dai kamar gaiwa, da rani ta shige cikin laka ta kwanta sai ruwa ya sauka ta fito.

Malamar Lissafi: Baba, misalin ya yi kyau, kuma sunan ma daga can aka samo shi, daga dabbobin da ke kwanciya tsawon lokacin sanyi a ƙasashen ƙanƙara. Sai dai in za a bi diddigi, gaiwa ta fi kama da mai barci, domin tana kwance tana cin jikinta, ta fito a rame. Kwamfutar da ta yi haibanet ba ta cin komai a kan aikin da ta ajiye.

Tsohon Akawu: Na karɓi gyara. To amma ni ra'ayina daban. Shekara da shekaru ina aiki da kwamfuta, kuma tarbiyyar da aka yi mana ita ce idan ka gama ka adana aikinka, ka rufe komai, ka kashe. Ban taɓa asarar takarda ta wannan hanyar ba. Me ya sa za a koya wa yaro ya bar aiki a buɗe ya dogara da wata dabara? In ya kashe ta ai batir ma ba zai ragu ba.

Mai Gyaran Laftof: Baba, maganar adana aiki babu mai ja da ku a kai. Ko da haibanet ko babu, danna Ctrl da S don adana aiki wajibi ne. Amma akwai abin da zan faɗa muku da wataƙila zai ba ku mamaki. Tun daga Windows 8 a 2012, wannan kashewar da kuke yi rabin haibanet ce. Sun saka wani tsari mai suna Fast Startup: idan kun danna Shut down, tana rufe manhajojinku ta fitar da ku, amma zuciyar tsarin da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke tafiyar da sassan kwamfuta, tana rubuta su a wancan fayil ɗin na hiberfil.sys don ta yi saurin tashi gobe. Ku duba Task Manager, ɓangaren CPU, akwai wurin da ke nuna tsawon lokacin da ta yi a kunne. Mutum zai rantse kullum yana kashewa, ya ga an rubuta kwana tara. Restart ne kaɗai ke wanke komai, ko kuma ku riƙe Shift yayin da kuke danna Shut down.

Tsohon Akawu: Na duba yanzu. Kwana shida ta rubuta, alhali jiya da isha'i na kashe ta da hannuna. Ikon Allah. To amma duk da haka ban ga abin da zai raba ni da kashewa ba.

Malamar Lissafi: Babu laifi Baba, in aikinku takarda ɗaya ce ko biyu. Ni kuwa a lokaci guda ina da jadawalin maki, da takardar tambayoyi, da shafuka kusan ashirin da nake dubawa. In na kashe, gobe sai na ɓata minti goma ina neman inda na tsaya, kuma wannan minti goman allo a kunne yake, injin yana aiki, batir yana tafiya. Mutane suna manta wannan lissafin. Tashi daga kashewa da sake buɗe manhajoji shi ma cin wuta ne.

Ɗalibin Zane: Na fahimci dalilin da aikina ya ɓace. Amma har yanzu ban gane abin da ya sa ta yi zafi ba. In barci take yi, me ya haɗa ta da zafi?

Mai Gyaran Laftof: Ba barci take yi ba, ta farka ne a cikin jakar. Buɗe Command Prompt a matsayin administrator ka buga powercfg /a ka gaya mana abin da ta rubuta a sama. Sannan ka buga powercfg /lastwake.

Ɗalibin Zane: Na farkon ya ce Standby S0 Low Power Idle, kuma ya ce babu S3. Na biyun bai nuna wani abin kirki ba.

Mai Gyaran Laftof: Haka ne, tunda ta mutu an sake kunna ta ba zai nuna ba. Amma na farkon ya ba mu amsa. Laftof ɗinka tana cikin sababbin da ke amfani da abin da ake kira Modern Standby. Wannan ba irin tsohon barcin S3 ba ne. Ya fi kama da yadda waya take yi idan ka kashe allonta: tana nan a kunne cikin ƙaramin mataki, tana iya leƙa intanet, ta karɓi saƙo, ta yi 'yan ayyuka ta koma. In komai ya tafi daidai ba ta cin wuta sosai. Amma in wani direba ko wata na'ura da aka jona ta hana ta nutsewa, sai ta kwana tana aiki. A kan tebur ba za ka lura ba. A cikin jaka kuwa babu inda iska za ta shiga, zafi ya taru. Ka buga powercfg /sleepstudy, za ta haɗa maka rahoton kwanakin baya, da abin da ya fi hana ta hutawa. Kana da linzamin kwamfuta (mouse) mara waya?

Ɗalibin Zane: Ina da shi. Ɗan abin nan nasa kullum yana maƙale a ramin USB, linzamin kuma a aljihun jakar nake jefa shi. Ban cika kashe shi ba gaskiya.

Mai Gyaran Laftof: To shi nake zargi. Jaka na motsi, linzami na motsi, kwamfuta ta ɗauka hannunka ne. Na sha ganin wannan. Kuma abin da ya fi damuna ba cajin da ka rasa ba ne. Batirin litiyom babu abin da ke tsufar da shi da wuri irin zafi, musamman yana cike. Karo uku a wata ɗaya ba ƙaramin duka ba ne. Laftof da ta yi haibanet kuwa, ka girgiza linzamin yadda ka ga dama, a yadda aka saba saita su sai ka danna maɓallin kunnawa ko ka ɗaga murfi za ta tashi.

Mai Shakka: Duk na ji, amma an tsallake rabin tambayar yaron nan. SSD yana da iyakar rubutun da zai ɗauka kafin ya gaji, wannan ba ƙarya ba ne. Kullum ka riƙa zuba masa gigabait shida, sau biyu sau uku a rana, kuma a ce babu illa? Ni dai na kashe nawa tun ranar da na sauya faifai.

Malamar Lissafi: Malam, iyakar gaskiya ce, amma mu yi lissafi mu gani. Kamfanoni suna rubuta adadin terabait da suka lamunce faifai zai ɗauka. Misali Samsung 970 EVO Plus mai gigabait 500, terabait 300 aka rubuta masa. Mu ɗauki mafi muni, a ce duk haibanet ɗaya tana cika fayil ɗin taf, gigabait 6.4. Sau biyu a rana ya zama kusan 13. A shekara kusan terabait 4.7. Raba 300 da 4.7, za ka samu sama da shekara 60. Kuma ba ta cika fayil ɗin kowane lokaci, don abin da ake amfani da shi kawai take rubutawa, kuma a matse. Batir da madannai da maƙalar murfi duk za su riga faifan mutuwa.

Mai Shakka: Wannan faifai mai kyau kika ɗauka. Masu ƙananan laftof da ajiyarsu gigabait 64 ce a manne da allon inji fa?

Malamar Lissafi: Nan kam ka kawo magana. Irin waɗannan ƙarfinsu bai kai ba, kuma ba a sauya su. Sai dai galibi RAM ɗinsu gigabait 4 ne, fayil ɗin bai wuce 1.6 ba. Matsalarsu ta fi zama ta sarari. Wanda faifansa ya cika maƙil, ban ga laifinsa ba in ya kashe, matuƙar ya san abin da ya sadaukar.

Mai Shakka: Ni ban gamsu gaba ɗaya ba, amma na yarda tsoron ya fi abin girma. Zan bar nawa a kashe tunda kullum a tebur take a jone.

Mai Gyaran Laftof: Wannan ma daidai ne. Mai laftof a tebur da wuta tsayayya ba shi ne haibanet ta fi yi wa amfani ba. Mai yawo da ita ne, da wanda ba ya da tabbacin yaushe zai sake samun caji.

Ɗan Linux: Akwai gargaɗin da ban ga an yi ba, kuma ya fi na SSD muhimmanci. Duk wanda ke da Windows da Linux (shi ma tsarin gudanar da kwamfuta ne kamar Windows) a kwamfuta ɗaya, kada ya yi haibanet a ɗaya ya tashi a ɗayan ya taɓa faifan da suke tarayya. Windows ɗin da ke kwance tana riƙe da hoton yadda ta bar faifan. In ka je ta wani gefen ka ƙara fayil ko ka goge, ta farka ta ci gaba da tsohon hoton da ke kanta, fayiloli su lalace. Shi ya sa Linux take ƙin buɗe ɓangaren NTFS, wato ɓangaren faifai na Windows, don rubutu idan ta ga alamar haibanet, sai dai karatu kawai. Fast Startup ma yana jawo wannan, don haka masu tsari biyu su kashe shi. Haka nan faifan waje da filasha: cire su kafin ka kwantar da ita in za ka kai su wata kwamfutar.

A ɓangarenmu na Linux kuma haibanet ba ta zuwa a sauƙaƙe. Tana buƙatar swap, wato sararin da ake warewa a faifai, mai girman da zai ɗauki abin da ke cikin RAM, Ubuntu ma, ɗaya daga rabe-raben Linux, ta ɓoye ta daga jerin zaɓi tun tuni, kuma a rabe-rabe da yawa Secure Boot, tsarin tsaro na lokacin tashin kwamfuta, yana hana ta. Wanda ya daidaita nasa, umarnin systemctl hibernate ne. Ni na fi son suspend-then-hibernate: ta fara da barci, in an daɗe ba a taɓa ta ba ta wuce haibanet da kanta.

Mai Gyaran Laftof: Na gode da ka tuna mana. In ƙara da nawa na masu gyara: kada a kawo mana laftof a sauya RAM ko faifai tana cikin haibanet. A kashe ta kashewa ta gaske tukuna. Ta kwanta da kaya iri ɗaya ta farka ta tarar da wani, ko dai ta watsar da aikin da ta ajiye ko ta rikice.

Uwar Tagwaye: Ni MacBook ce da ni, kuma na duba ban ga wannan kalmar ko'ina ba.

Ɗan Linux: Hajiya, naku a ɓoye yake. Apple suna kiransa Safe Sleep. Kina rufe murfi take yin barci, amma ta tanadi yadda za ta ajiye abin da ke cikin RAM a wani fayil mai suna sleepimage, don in batir ya ƙare kada aiki ya salwanta. Ana iya sauya tsarin da umarnin pmset, sai dai ban ba ki shawarar taɓawa ba in ba ki ga matsala ba.

Uwar Tagwaye: Madalla. Tambaya ta ƙarshe: in ina sauke babban fayil daga intanet na yi haibanet, zai ci gaba?

Malamar Lissafi: Ba zai ci gaba ba. Kwamfutar a mace take, babu intanet, babu komai. Wani saukewar yana ɗorawa daga inda ya tsaya idan kin dawo, wani kuma sai an faro daga farko. Ki bari ya gama.

Mai Tsaron Bayanai: Bari in sa baki ta fuskar sirri. Fayil ɗin haibanet hoton RAM ne, wato duk abin da ke buɗe yana ciki, har da takardun da ba ka so a gani. In faifanka ba a kulle yake da BitLocker ko makamancinsa ba, wanda ya sace laftof zai iya cire faifan ya tono. Amma in a kulle yake, haibanet ta fi barci aminci nesa ba kusa ba. A barci mabuɗin kullen yana zaune a RAM. Masu bincike a Jami'ar Princeton sun nuna tun 2008 cewa ana iya sanyaya RAM a kwashe mabuɗin daga ciki. A haibanet kuwa RAM fanko yake, kuma in ka saka lambar sirri ta kafin tashi, sai an buga ta. Duk mai tafiya da bayanan aiki ko na mutane, wannan kaɗai ya isa dalili.

Ɗalibin Zane: Na gode ƙwarai, na ƙaru fiye da abin da na zo nema. Yaya, yanzu ta yaya zan mayar da ita?

Mai Gyaran Laftof: Koma baƙin allon a matsayin administrator ka buga powercfg /hibernate on. Sannan ka shiga Control Panel, Power Options, ka danna Choose what the power buttons do. A sama akwai rubutun Change settings that are currently unavailable, danna shi, ka sa alama a akwatin Hibernate, ka adana. Daga nan za ta fito a jerin kashewa. A wannan shafin dai akwai wurin zaɓar abin da rufe murfi zai yi, gida biyu ne, na batir da na caja. Ni a tawa na batir na sa haibanet, na caja na bar shi a barci. In tana jone a tebur ina so ta tashi da wuri. In na zare caja kuwa, tafiya zan yi.

Abu ɗaya ka kiyaye: bayan ka rufe murfi ka ɗan dakata har fitilar ta mutu, fanka ta yi shiru, kafin ka tura ta jaka. Rubutun yana ɗaukar 'yan daƙiƙoƙi, ya fi daɗewa a tsohon faifai mai juyawa, wanda kuma ba ya son jijjiga yana tsakiyar rubutu.

Tsohon Akawu: Kuma ka riƙa yi mata Restart ko da sau ɗaya a mako, ɗana. Na koyi wannan yau, ba zan bari ya wuce ni ba.

Mai Gyaran Laftof: Gaskiya ne Baba. Haibanet tana dawo da komai yadda yake, har da manhajar da ta fara rikicewa. Sabuntawar Windows ma da yawa ba sa kammala sai da Restart.

Malamar Lissafi: Ni ma'aunina shi ne tsawon tashin da zan yi. Zan je in dawo cikin rabin awa, barci. Zan wuce awa ɗaya ko biyu, ko za ta shiga jaka, haibanet. Ka gwada da kanka: rubuta adadin caji da dare, ka duba da safe, dare ɗaya a barci, dare ɗaya a haibanet.

Ɗalibin Zane: Na dawo da rahoto bayan kwana biyu. Rahoton sleepstudy ya nuna na'urar USB ce ta fi hana ta nutsuwa, Yaya ka canka daidai. Shekaranjiya na bar ta a barci na cire ɗan abin linzamin, daga 90 ta sauka 83. Jiya na yi haibanet a 78, da safe na tarar da 77, jakar a sanyaye, zanena a buɗe inda na tsaya. Sai dai wannan ɗayan da ya ragu fa? Na ɗauka ba ta cin komai.

Mai Gyaran Laftof: Alhamdu lillahi. Wannan ɗayan ba haibanet ce ta ci ba. Wani ɓangare ya tafi wajen rubutawa da sake tashi, sannan akwai ɗan ƙaramin guntu a allon inji da ke zaune yana jiran ka danna maɓalli, ko da ka kashe ta gaba ɗaya yana nan. Batir kuma da kansa yana zubar da kaɗan. In ka ga raguwar ta fi haka, shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka nemi zaɓin da ke barin ramin USB da wuta don cajin waya bayan an kashe kwamfuta, ka kashe shi. Kuma tunda ta sha zafi sau uku, buga powercfg /batteryreport ka kwatanta Design capacity (cajin da aka ƙera batirin ya ɗauka) da Full charge capacity (wanda yake iya ɗauka yanzu), ka turo mana lambobin biyu mu ga halin da batirin yake ciki.